Filin da Yaya Sabo Ya Hana Bugun Fenariti

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sabo makwancinsa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan kasuwar riɗi da agushi a nan garin Lafiya. Ban taɓa ganin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo ba, amma ya fi kowa sanin yadda ya kamata a buga ta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana na ga ya kamata in ce wani abu, domin saura ƙiris in sa a goge sunansa daga jikin kofin da shi da kansa ya kafa.

Waɗanda suka san unguwarmu ta Bukan Sidi a wancan zamani za su tuna da talabijin ɗin da yake ɗorawa a kan benci a ƙofar shagonsa. Mu sauran muna kallon 'yan wasa, shi kuwa masu tsara dokoki yake sa wa ido, kamar sun ci masa amana. Da aka kawo dokar nan ta duk wanda ya fara zura ƙwallo a ƙarin lokaci ya ci wasa, cewa ya yi wannan fashi ne da rana tsaka. Da aka soke ta, ya yi sati yana tafiya yana ɗaga kafaɗa, sai ka rantse shi aka tuntuɓa. Kullum ƙorafinsa guraben da ake ba Afirka a gasar cin kofin duniya sun yi kaɗan. Ni kuma, da yake malamin makaranta ne mai son a tace kafin a zaɓa, ina ce masa gasar da kowa ke shiga ba gasa ba ce, biki ne. Mun yi wannan musu har furfura ta fito mana, ba wanda ya saki.

Abu ɗaya ne ba ya ko musu a kansa, wato bugun fenariti na raba gardama. Da ya ga an tashi canjaras, 'yan wasa sun jeru a tsakiyar fili sun rungumi kafaɗun juna, sai ya miƙe ya ɗauki buta, ko da lokacin salla bai yi ba. Yakan ce mutum goma sha ɗaya ne suka kasa cin wasa, amma gobe sunan mutum ɗaya za a riƙe, kuma da shi za a kira jikokinsa.

Shi ya sa da ya kafa gasar unguwanni a filin wata firamare lokacin hutun ƙarshen shekara, dokarsa ta farko ita ce babu fenariti. In an yi kunnen doki, kowa ya tafi gida ya yi wanka, a dawo gobe. Ƙungiyoyin ba su da yawa, duk 'yan cikin gari ne, mai nisan cikinsu da ƙafa yake zuwa. Akwai shekarar da aka yi ta dawowa a kan wasan ƙarshe har mai sayar da rake a bakin fili ya fara gaishe da 'yan wasa da sunayensu. Matasa suka sa wa gasar suna Kofin Sai Gobe. Ya ji, ya yi dariya, ya ce sunan ya yi masa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ƙwallon yau. Yanzu a ci ƙwallo, mutum ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya tsaya da bakin a buɗe, ana jiran wasu mutane a wani ɗaki su duba bidiyo su ga ko gwiwar ɗan wasa ta yi satar gida. Ina jin wannan zai ba shi haushi, domin shi mutum ne mai son murnarsa da zafinta. Canjin 'yan wasa biyar kuwa, na san zai ce an yi wa masu tarin gwanaye a benci gata. Faɗaɗa gasar duniya ita ce za ta faranta masa rai, kuma da na sha gori. Sai dai ga yadda abin ya zo: an ƙara wa Afirka gurabe kamar yadda ya yi ta fata, amma ƙasarmu ba ta samu ko ɗaya ba, kuma a bugun fenariti aka yi waje da mu. Ban san wanne zai fara yi ba, gorin ko ɗaukar butar.

Majalisar ƙofar shago ta watse tuntuni. Musun yana nan, ya koma cikin waya. Wani ya ce a mayar da gasar yadda take, wani ya ce ƙananan ƙasashe ma 'ya'ya ne, wani ya ce ina dalili ƙungiya ta zo ta uku a rukuni a ce ta wuce. Kowa na magana, ba mai ganin fuskar wani.

Gasar unguwannin tana hannun ɗansa na fari, Nura, wanda ya gaji shagon. Bayan rasuwar ne aka sassaƙa sunan mahaifinsa a jikin kofin. Bana Nura ya zo ya same ni, ya ce zai buɗe ƙofa ga ƙungiyoyi daga Doma da Arikya da sauran wurare, tunda duniya ma ta faɗaɗa tata. Ban so ba, amma na san ra'ayin ubansa ne. Sai ya ƙara da cewa wasanni za su yi yawa, hutu kuma gajere ne, saboda haka babu sauran sai gobe. In an yi canjaras, fenariti za a buga.

Na ce masa, "Nura, ranar da aka buga fenariti a filin nan, a ranar za a cire sunan ubanka daga kofin. Ka sa naka."

Ya ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka. Mu ga yadda Allah zai yi."

Da gaske nake, kuma ya san da gaske nake, domin a gidanmu ni kaɗai na rage a layin iyaye, maganata ba ta faɗuwa ƙasa. Ikon Allah, aka yi ta wasanni ba a kai ga fenariti ba, har ranar wasan ƙarshe tsakanin 'yan Bukan Sidi da wata ƙungiya ta manoma daga Doma. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka ƙara lokaci, ba ta canja zane ba. Fili ya ɗauki ihu, kowa na kiran fenariti. Na taso daga kujerata na je teburin da Nura yake, na ce masa ya sallami mutane, a dawo gobe.

Kafin ya ba ni amsa sai kyaftin ɗin 'yan Doma ya matso. Sunansa Agbo, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, shi ya ci musu ƙwallonsu. Ya ɗan rusuna, gumi na zuba, ya ce da 'yar Hausarsa, "Baba, yi haƙuri. Mu ba zai iya dawo gobe ba. Riɗi yana gona, mun yanka, ya bushe. Yau ma da ƙyar muka bar shi. A buga kawai, wanda ya ci ya ci."

Na girma a shagon riɗi, na san abin da yake nufi. Idan an yanke shi an jingine, ya bushe ya buɗe baki, ba ya jiran kowa. Iska kaɗan ko akuya ɗaya, sai wahalar damina ta zube ƙasa. Dokar da Yaya Sabo ya kafa don tausayi, an yi ta ne wa mutanen da gidansu ke bayan fili. Ga waɗannan kuwa, sai gobe na nufin su zaɓi kofi ko abincin shekara. Na koma na zauna, ban ce na yarda ba.

Aka buga. Kowa ya ci nasa, har aka zo kan na ƙarshe, wanda Agbo ya ajiye wa kansa. Ya ja da baya, ya taho, ƙwallo ta bi ta saman turke ta faɗa cikin masu kallo. 'Yan gari suka cika fili da tsalle. Abokan wasansa suka juya suka nufi motarsu, ba wanda ya taɓa kafaɗarsa. Ya zauna a inda ya buga, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin abin da ɗan'uwana ya yi ta gudu ke nan, ga shi a filinsa, ƙarƙashin sunansa.

Ana ta kiran Nura ya zo ya miƙa kofi. Ya ce wa mataimakinsa ya miƙa. Shi kuwa ya ratsa taron, ya ɗago Agbo, ya sa shi a motarsa, ya leƙo ya ce, "Baffa, za ka raka ni Doma?" Na shiga. A hanya Agbo magana ɗaya ya yi ta maimaitawa, wai ƙafarsa ce ta zame, shi bai taɓa zubarwa ba.

Mun isa ana shirin kiran magariba, amma bidiyon fenaritin da ya zubar ya riga mu. Matasa sun taru a bakin hanyar gidansu, kowa da waya a hannu, ana nuna wa juna ana tsaki. Mahaifinsa na zaune a ƙofar gida, bai ɗago kai ba. Nura ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe da tsohon, sannan ya juyo ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce wannan mutum shi ya kai ku wasan ƙarshe, shi ya ci muku ƙwallo, kuma shi ya roƙa a buga yau don kada riɗin gari ya zube. Ya ce dokar fenariti shi Nura ya kawo ta, ubansa ya hana, saboda haka duk mai neman wanda zai zaga, ga shi a tsaye. Ba wanda ya zage shi. Tsohon ya sa aka kawo mana ruwa, ya ce wa ɗansa ya shiga ya ci abinci, da asuba akwai gona.

Har yanzu ban sauya ra'ayi ba. Fenariti ba hanyar raba gardama ba ce, kuma gasar da ta cika yawa tana cinye dokokin da suka sa ta yi daɗi. Dokar Yaya Sabo ta mutu, ba na ganin za ta dawo, kuma babu amfanin a ɓoye hakan. Abin da ya rage nasa shi ne ƙin yarda a bar mutum ɗaya ya kwana da kunyar taro. Ni na riƙe dokar, na zaci ita ce gadon. Ɗansa ya saki dokar, ya tuƙa mota zuwa Doma. Allah ya jiƙan Yaya Sabo, ya sa ya huta.

A hanyar dawowa mun daɗe ba mu ce komai ba. Da muka hango fitilun Lafiya, Nura ya ce, "Baffa, gobe in kai kofin wajen maƙeri a goge sunan?"

Na ce masa ya kula da hanya, akwai rami a gaba. Sunan yana nan a jikin kofin.