Awon Bindiga da Rogo

Ranar kasuwar Mafara, wani dogo mai furfura a gemu yana tsugune gaban rumfar Gambo mai walda, yana jujjuya akwatunan ƙarfe. Kaftani ne a jikinsa, amma daga askin da tsayuwar kafaɗa Gambo ya ce a ransa, wannan ɗan sanda ne.

Sai da suka gaisa har iyali da gona, sannan baƙon ya zaro lanƙwasasshen rogo daga aljihu, ya kwantar cikin akwati, ya rufe.

"Yallaɓai, wanga rogo za a yi ma kwado?" in ji Gambo.

"Awo nika yi, malam. Girman ƙaramar bindigar aikina ke nan. In fiddo ta cikin kasuwa jama'a su watse?"

So yake a yi wa akwatin walda ƙarƙashin kujerar direba a motarsa. 'Yan biyunsa ba abin da ba su buɗewa, uwarsu kuwa ta rantse ba su ƙara shiga motar sai bindigar na kulle.

Ya jijjiga kwado uku, ya zaɓi mafi tauri, ya rataya makullin a wuya. Sannan ya danna waya yana murmushi.

"Uwar biyu, akwati ya samu, a yi ma yara kitso. Juma'a muna Maradun."