'Yan Fashin Talabijin da Idon Baba

Ni na sayo talabijin ɗin da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Cewa na yi yarinya ta riƙa jin Turanci tun tana ƙarama, kada ta tashi kamar ubanta da sai da ya shiga sakandare bakinsa ya daina rawa. 'Yata ce ta fari, shekararta biyar a lokacin. Ko sunanta ba na kamawa, amma duk abin da ta nuna da yatsa sai na yi.

Abin da ta nuna kuwa wani katun ne da ake sawa bayan la'asar, in an yi sa'a akwai wuta. Wasu yara ne a jirgin ruwa tare da wani tsoho mai gemu, ya rufe ido ɗaya da baƙin ƙyalle, ga aku a kafaɗarsa. Tutarsu ƙoƙon kan mutum ne da ƙasusuwa biyu, ƙoƙon kan ma wai murmushi yake yi. Tun ranar farko abin ya tayar min da zuciya. Mu da ko makabarta muka wuce sai mun yi addu'a, wasu sun ɗauki kan mamaci sun yi wa yara abin wasa da shi. Kullum kuma labarin ɗaya ne: su bi teku, su sauka tsibiri, su tona ƙasa, su ciro akwati, su yi ta ihu da rawa. Duk wannan ana nuna wa yarinyar da babban ruwan da ta taɓa gani shi ne kwatar ƙofar gidanmu da damina.

Wata rana ina duba takardun ɗalibaina ta zo ta tsaya a kaina.

"Abba, mene ne fayiret?"

Malamin makaranta ba ya son a ce bai sani ba. Ko ɗaga kai ban yi ba na ce, "'Yan fashin teku."

Teku ba ta san shi ba, sai ta yar da shi ta riƙe sauran. Daga ranar muciyar mamanta ta zama takobi, ɗankwali ya koma kan ido ɗaya, tana zagaye tsakar gida tana cewa, "Ni 'yar fashi ce!" Mamanta ta ce min, "Malam, a Kontagora ake wasa da wannan kalmar?" Tana da gaskiya. A garin nan in aka ambaci fashi a cikin keke mai ƙafa uku, hira mutuwa take yi, don ba ka san abin da ya raba na kusa da kai da ƙauyensu ba. Amma na ce yarinta ce, za ta bari. Gaskiyar magana, katun ɗin na ba ni sa'a guda ta hutu, kuma ban so in rasa ta ba.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye bayan Zugurma. Da kaka, da rana tsaka, mutanen daji suka shigo musu a kan babura. Suka kwance shanun nomansa biyu, shi kuma ya riƙe igiya ya ƙi saki, sai ɗayansu ya sa masa gindin bindiga a idon hagu. Da aka kawo shi asibiti nan cikin gari, likita ya ce idon ya tafi. Aka rufe shi da auduga da filasta.

Baba mutum ne mai barkwanci, in yana wuri ba a jin muryar kowa. Amma kwana huɗu a asibiti, in an yi masa sannu kai kawai yake gyaɗawa. Idon na haƙura da shi. Shirun ne ya ba ni tsoro, don na ga tsofaffin da irin wannan shirun ya raka har kabari.

Ranar da aka sallame shi, bayan la'asar na kawo shi gida. Wallahi na manta da katun. Maƙwabta sun taru a tsakar gida don yi masa sannu, sai ga 'yar tawa da gudu, muciya a hannu. Ta ja birki. Ta dubi gemun, ta dubi idon da aka rufe, sai ta daka tsalle.

"Mama, zo ki gani! Mijina ya zama ɗan fashi!"

Wata maƙwabciya ta yi salati. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗaga hannu zan kai mata mari, abin da ban taɓa yi ba.

"Kul," in ji Baba. Muryarsa ta shaƙe, amma tasa ce. "Tsakanina da amaryata ba ruwanka."

Wasan jika da kaka ba a shiga, na sauke hannu. Ta ja shi har gaban talabijin ta zaunar a tabarma, wai ya ga ɗan'uwansa. Ya zauna ya kalla da idon da ya rage masa. Tsohon nan na cikin jirgi na ta ƙyaƙyata dariya da ƙyallensa, yaran na waƙa, ƙoƙon kai na murmushi. Ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ta a ranar ba, kuma rabin ƙyamar ta kaina ce.

Da aka gama Baba ya ce, "Amarya, su waɗannan shanun wa suka kora?"

"Ba sa korar shanu."

"Wa suka doka?"

"Ba sa dukan kowa. Ƙasa suke tonawa su sami arziki."

"To ai waɗannan manoma ne. Wa ya ce miki 'yan fashi ne?"

Ta nuna ni da muciya. Ina tsaye ta hagunsa, sai da ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kafin ya gan ni.

"Malam," ya ce, "ka taɓa ganinsu?"

Na ce a'a, Baba.

"To ni na gani."