Kwalekwalen Kawu a Harabar Coci

Mahaifiyata ta tsufa a cikin coci ba a yi mata baftisma ba. A cocinmu na Nguru ita ce gwanar buga tulu a zumuntar mata, ita ke dafa shinkafar Kirsimeti, ita ake tasowa in naƙuda ta kama mace. Amma ranar Jibin Ubangiji sai ta cusa hannuwa cikin zane ta sunkuyar da kai. A ƙa'idarmu wanda bai shiga ruwa ba, ba ya cin gurasar, ba ya shan ƙoƙon. Mai zagayawa da farantin kuwa Baba Dikin ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, dogo siriri, kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. In ya iso layinmu sai ya miƙa wa matar da ke damanta, ya tsallake ta, ya miƙo mini. Ni kuwa ina karɓa ina harararsa, kamar shi ya kafa dokar.

Mama Bade ce, haifaffiyar Gashuwa. Tana yarinya wanta ya nutse a kogi a gaban idonta, lokacin cikar ruwa. Tun daga ranar ba ta ƙara taka ruwan da ya wuce idon sawu ba, wanka ma da ƙoƙo take yi, kaɗan-kaɗan. Ta auri babanmu, ta bi shi coci da zuciya ɗaya. Duk shekara tana zama ajin baftisma, ta haddace amsoshin har tana gyara wa sababbi. Ranar tafiya bakin ruwa kuwa sai zazzaɓi. Wani irin zazzaɓi mai wayo, da la'asar ta yi ya sauka.

Baba Dikin ya san wannan zazzaɓin, domin bakin ruwan nasa ne. Aikin dikin hidima ce: shi ke buɗe coci, shi ke kai wa gwauraye hatsi, shi ke tsayawa kan haƙa kabari. Ranar baftisma kuma shi ke fara shiga ruwa da sandarsa, ya sare kachala, wannan doguwar ciyawar da ta cinye mana fadama, ya laluba taɓo ko da rami ko fasasshiyar kwalba, sannan ya yafito Fasto. Kullum maganarsa ɗaya ce: ba mai shiga ruwan da bai fara shiga ba.

Bayan babanmu ya rasu, ɓarin jikin Mama na hagu ya shanye. Harshenta ya yi nauyi. Wata Lahadi muka ɗora ta a keke muka kai ta coci, ashe ranar Jibi ce. Faranti ya zo, ya wuce. Da na waiga sai na ga hawaye yana bin kumatun da ya mutu, ba ta ma san yana zuba ba. Muna komawa gida ta jawo ni da hannun da ke motsi.

"Ina so in ci kafin in tafi," in ji ta. "Ki gaya musu zan shiga."

Na je wajen Fasto. Yaro ne mai kirki, amma ya ce wannan magana ta dattawan ikilisiya ce, su ke duba aikinsa da na dikinoni duka. Suka zauna, suka kira ni. Fadama dai ba ta yiwuwa, wa zai ɗauki shanyayyiya ya ratsa taɓo da ita? Yayyafa ruwa a ka kuma ba al'adar cocinmu ba ce. Babban dattijo, wani tsohon hedimasta, ya cire tabarau ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Allah ya san zuciyarta."

Ni da ma bakina ba ya iya shiru. Na ce, "Baba, ai ba zuciyarta na kawo ƙara ba. Bakinta nake magana, gurasa take so a sa mata a ciki!" Na fita na buga musu ƙofa, har ƙarfen ya yi ƙara.

Baba Dikin yana zaune a bakin ƙofa, don dikin ba ya magana a zaman dattawa sai an tambaye shi. Ya biyo ni har gindin dogonyaro.

"Kawunki na Gashuwa yana nan da kwalekwalensa?"

Na ce, "Baba, matar da ke tsoron bokiti za ka sa a jirgi?"

Ya karkato kunnen da ke ji, na sake faɗa da ƙarfi. Ya ce, "Wa ya ce jirgin zai shiga ruwa? Ruwa ne zai shiga jirgin."

Wallahi na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Amma kashegari muka kama hanyar Gashuwa.

Kawu ƙanen Mama ne, masunci, Musulmi wanda salla ba ta wuce shi. Zumunci bai taɓa yankewa tsakaninsa da yayarsa ba, sai dai ƙafarsa ba ta taɓa taka harabar coci ba. Muka same shi a bakin kogi yana ɗinkin koma. Bayan gaisuwa Baba Dikin ya shimfiɗa masa maganar yadda take, bai ɓoye komai ba. Kawu ya ajiye allura.

"Tun ina saurayi nake fama da kwarfe ruwa daga jirgin nan, yau ku ku zo ku ce za ku cika shi da gangan?" Ya dube ni. "Yaya ce ta ce za ta shiga ruwa? Da bakinta?"

"Da bakinta, Kawu."

Ya juya ya dubi kogin. Can ya ce, "Ni ban san wannan abin naku ba, ba kuwa zan ce daidai ne ba. Amma ranar da ruwan nan ya ci wanmu, ina goye a bayanta. In Yaya za ta shiga ruwa, ba za ta shiga jirgin wani ba. Kuma jirgina ba ya tafiya ba ni."

Muka sami motar da ke kai bandar kifi Nguru, aka ɗaure kwalekwalen a saman kwalaye. Rana ta gasa shi duk tsawon hanya. Da muka iso, matasa suka sauke shi a harabar coci, Kawu kuwa ya nemi inuwa a waje ya zauna.

Kafin yamma labari ya kai kunnen dattawa. Kai, ranar Baba Dikin ya sha faɗa! Wa ya ba shi izini? Tun yaushe dikin ke yanke shawara? Ga jirgi yana ƙarnin kifi a ƙofar ɗakin sujada, ƙudaje sun yi masa rumfa. Wani ma ya kawo maganar a dakatar da shi daga hidima. Ina laɓe a taga jinina yana tafasa, shi kuwa yana tsaye da hularsa a hannu.

"Na yi laifi da ban tambaya ba," ya ce. "Ku ne a kaina. Abin da na roƙa, ku fito ku gani. In kun ce a'a, gobe in mayar da shi."

Suka fito. Aka kira 'yan ga-ruwa suka turo kura, suka fara juye jarkoki. Ruwa yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa. Ashe ranar hanya ta busar da katakon, duk haɗin ya buɗe. Kafin a juye ta ƙarshe harabar ta zama taɓo, jirgin kuwa wayam. Wani dattijo ya yi dariya. Ni kuwa ga shi na riga na gaya wa Mama an sami hanya.

Sai ga Kawu ya shigo. Mutumin da bai taɓa ƙetare ƙofar nan ba ya shigo da saurinsa, dariyar da aka yi wa jirginsa ta fi masa komai ciwo.

"Wa ya ce jirgina yana yoyo? Ƙishirwa yake ji! Ku kawo tsumma, ku kawo kwalta. Kai, mai tabarau, riƙe nan."

Mai tabaran nan babban dattijo ne. Ya dubi Kawu, ya dubi jirgi, ya naɗe hannun riga ya riƙe. Kawu ya bi haɗin katako ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da tsumma yana shafe da kwalta, yana masifa da Hausa yana ƙarasawa da Badanci. Ya sa aka rufe jirgin da jiƙaƙƙun buhuna ya kwana yana sha. Da safe matan zumunta suka dirar masa da toka da sabulu da lemon tsami, har ƙarnin ya gudu.

Aka sake cikawa a gaban dattawa. Ruwa ya tsaya cak. Saura tambaya ɗaya, babban dattijo ya yi ta: zai rufe mutum gaba ɗaya? Don in bai rufe ba, ba baftismar cocinmu ba ce. Baba Dikin ya tuɓe takalma, ya miƙo mini hularsa, ya taka ciki da rigarsa da wandonsa, ya miƙe kamar mai shirin barci, ya nutse. Tsoho dogo irinsa, ruwa ya rufe shi ruf, hanci da komai. Babban dattijo ya sunkuya ya duba daga kai har ƙafa. Da Baba Dikin ya taso yana furzar da ruwa, sai dattijon ya ce masa da ƙarfi a kunnen da ke ji, "An yarda. Amma gobe ka tambaya tukuna."

"To, Baba," in ji shi, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Ranar Lahadi aka cika jirgin tun da sassafe don rana ta ɗumama ruwan. Coci ya cika har waje, maƙwabta sun leƙo ta katanga. Muka ɗauko Mama a kujera. Tana hango ƙyallin ruwan ta damƙe mini wuyan hannu, farcenta ya shiga fatata. Na ce a raina, shi ke nan, zazzaɓi ya dawo.

Baba Dikin ya durƙusa a gabanta. "Mama, na riga na shiga. Kawo hannunki." Ya kama hannun ya ɗora a kan yashin da jirgin ke zaune. "Kin ji? Ƙasa ce a ƙarƙashinsa. Ba inda zai kai ki."

Kawu yana riƙe da goshin jirgin da hannu biyu, jirgin da ba inda zai motsa. Ya yi mata magana da Badanci, 'yar gajeruwa. Ban iya yaren sosai ba, amma na tsinci "Yaya" da "ina nan". Ta sake ni.

Muka zaunar da ita a ciki. Baba Dikin ya tallafi gefen da ya mutu, Fasto ya yi addu'a, ya kwantar da ita. Ruwa ya rufe fuskar uwata. Sai ga ta ta ɓullo tana tari, idanu a buɗe. Muka kai hannu za mu ciro ta, ta ture mu.

"Ku dakata tukuna!"

Ta ɗaga hannun da ke motsi ta daki ruwan, fas! Ta sake dukansa, ya fantsama wa Fasto a fuska, ta fashe da dariya da rabin baki. Wayyo, ranar na ji guɗa! Tuluna suka ɗauka, mata suka ɓarke da waƙa, har babban dattijo na gani yana taka rawa a cikin taɓo. Kawu ya juya baya yana goge fuska da hularsa. Ni kuwa kuka nake ina ihu, ban san wanne ya fi yawa ba.

Mama ba ta kai lokacin kaka ba ta rasu. Amma a ranar, bayan mun sauya mata kaya, muka shigar da ita ciki, aka yi Jibi. Baba Dikin ya taho da faranti, ƙafar wandonsa har yanzu a jiƙe. Ya miƙa wa matar da ke damanta. Sannan ya tsaya. Ya sauke farantin a gaban Mama.

"Mama, ɗauki."

Ta ɗaga kai ta dube shi. "Ka daɗe kana wuce ni," in ji ta.

"Yau na iso."

Ta ɗauka da hannunta, ta kai baki, tana taunawa a hankali. Shi kuwa idanunsa sun cika har bai ga gabansa ba, ya ɗaga farantin ya miƙa wa matar da ke haguna. Ni ya tsallake, hannuna a miƙe. Yau kam ban harare shi ba.