Neman Mai Kaɗa Kiɗan Kogon Aljanu

Gusau, 6:10

"Saura mutum ɗaya, Tsahe!" in ji ɗan kamasho a tasha. Na faɗa kujerar gaba, wayata a hannu. Ranar Asabar ƙungiyarmu ta Tudun Wada za ta nuna wani tsohon wasan kwaikwayo na ƙasar Norway da muka mayar Hausa: labarin wani maƙaryaci da ya bar uwarsa ya shiga duniya. Kiɗansa na asali taron makaɗa ne masu goge da sarewar Turawa. Ni na cika baki na ce makaɗanmu za su kaɗa shi da hannu, ba sifika. In ban samo su yau ba, an soke wasan.

Shinge uku muka wuce. A na biyu soja ya ce me nake saurare. Na miƙa masa abin kunne, ya ji, ya ce, "Wuce, Allah ya ba ka lafiya."

Tsafe, 7:25

Na ci waina a bakin tasha, ɗan acaɓa ya kai ni gidan Baba Ɗanjuma, tsohon mai goge. Na kunna masa kiɗan mutuwar uwar. Ya rufe ido, ya jawo goge, kafin minti goma ya kama shi. 

Na kunna na biyu, mai farawa a hankali yana ƙara gudu.

"Wanga na wa ne, ɗana? Kowane kiɗi da mai shi."

"Na fadar sarkin aljanu ne, Baba, cikin kogo."

Ya ajiye gogen. "Shekara ashirin da nit tuba da kiɗan bori. Na uwar zan yi maka. Wancan, nemi wani."

Bungudu, 12:40

Na koma Gusau, na sake mota, rabin awa muka iso. Daga nan babur zuwa Furfuri, wurin Malam Labbo mai gangar noma. Ya ba ni fura, na kunna masa kiɗan na biyu, ban gaya masa na wa ne ba.

Ya fashe da dariya. "Ashe Turawa na gayya! Ji yadda yake lallaɓa manoma da farko, sannan ya kore su har ƙarshen kuyyar gona. Mai wanga kiɗi ya san gona."

Ya rataya ganga. Wallahi ya fi na wayar tashi, har maƙwabta suka leƙo.

"Asabar ina nan tahe," in ji shi. "Gonar wa za a yi wa?"

Na ce, "Sai kun zo, Malam."

Gida, 4:15

Alhamdu lillahi, na dawo lafiya da makaɗa biyu, na gode wa duk wanda ya nuna mini hanya. Wasa zai yiwu. Amma ranar Asabar Malam Labbo zai ga samari cikin shigar aljanu, da ƙaho da wutsiya, suna tsalle a gaban gangarsa. Ku faɗa mini gaskiya: in kira shi yanzu in gaya masa, ko in bari sai ya gani da idonsa?