Lemon da Ba Ya Cikin Takarda

Apenisa Waqa direban bas ne a birnin Brisbane na Ostireliya, shekara goma sha tara yana jigilar mutane daga Inala zuwa cikin gari. A wani ƙauye na tsibiran Fiji aka haife shi, kuma tun yana jariri ciwon hanta ke jikinsa. Bai sani ba sai da idanunsa suka yi rawaya, yana da shekara hamsin da biyu. Wata goma sha ɗaya ya yi yana jira kafin a yi masa dashen hanta. Ba a gaya masa ko ta wane ce ba, an dai ce iyalan mamacin ne suka amince. Kowace Lahadi yakan sa su a addu'a, yana kiransu "mutanen nan".

Ranar da za a sallame shi, wata nas mai suna Narelle ta kawo masa takarda. Asibitin yana bin waɗanda aka yi wa dashe shekara da shekaru, don a san abin da ke samunsu daga baya. Ana son jininsa kowane wata.

"Sista, hanta sukutum aka ba ni," in ji Apenisa. "Jinin cokali guda ne zan hana?"

Ya sa hannu, ta karanta masa dokoki. Zai sha ƙwaya safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa, don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar hantar. Ba giya, ba kava, abin shan gargajiyar mutanen Fiji. Ba garehul, wani lemo mai ɗaci-ɗaci, domin yana sa maganin ya taru a jini. Duk ya kiyaye. Idan mazan cocinsu suka zauna shan kava, yakan tafa musu, ya miƙa ƙoƙon gaba.

A shekara ta uku hannunsa ya fara rawa a kan sitiyari. Gwaji ya nuna maganin ya yi yawa a jininsa, ƙoda kuma ta fara gajiya. Likita ya rage ƙwayar, abin ya lafa. Shekara na zagayowa ya dawo, har ya fi na da. Likita bai ɓoye masa ba: in haka ta ci gaba, sai wankin ƙoda sau uku a mako.

A gida matarsa Litiana ta tsare shi.

"Baban Seini, faɗi gaskiya. Ka koma shan kava?"

"Ni da nake zaune can kamar gunki ina yi wa mutane tafi?"

"Na san ka. Ba ka iya cewa a'a."

"Ai shi ya sa na aure ki."

Narelle kuwa ta jera sakamakon jininsa na shekara huɗu a takarda ɗaya. Sai ta ga daga Yuni zuwa Agusta, lokacin sanyin ƙasar, kaɗai maganin ke hauhawa, kuma shekaru biyun farko babu komai. Ta kira su, shi da matarsa.

"Apenisa, me kake yi a Yuni da ba ka yi a Janairu?"

"Ina sa rigar sanyi."

"Ba wasa nake ba. Garehul fa?"

"Sista, ko a kanti na gan shi sauya layi nake yi."

"Ni nake ba shi abinci," in ji Litiana. "Lemo ma ba ya sha, sai dai moli kana."

"Mene ne moli kana?"

Litiana ta buɗe jaka. Da ma ba ta zuwa wurin mutum hannu rabbana, ta zo wa Narelle da guda ɗaya: ƙaton lemo mai kaurin ɓawo, ya kusa ƙwallon ƙafa. A makon da mijinta ya dawo daga asibiti ta dasa bishiyar a bayan gida don godiya ga Allah, a shekara ta uku ta fara 'ya'ya. Kowace safiya ta lokacin sanyi takan ɓare masa rabi, don ya yi ƙarfi.

Narelle ta juya lemon a hannunta.

"Litiana, wannan ai uban garehul ne. Daga jikinsa garehul ya fito."

Litiana ta dafe baki. Apenisa ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"To, Maman Seini, wa ke shan kava?"

Ya daina ci. Cikin mako shida maganin ya daidaita, rawar hannu ta tafi. Ƙodar ba ta koma kamar da ba, amma ba ta kai ga wanki ba. Narelle ta bi sauran 'yan tsibirai da ke cikin binciken tana tambayar sunan lemon a harsunansu, ta ƙara a takardar dokoki. Ta samu wata mata da ita ma take ci.

Litiana ta so a sare bishiyar, har ta aro zarto. Apenisa ya hana, ya ce abin godiya ba a sare shi. Yanzu kowane Yuni yakan cika kwali ya kai coci, ya ware mafi girma ya kai wa Narelle ranar ɗibar jini.