Kaluluwar Yaya Saratu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Saratu, kuma har yau ina kishinta. Na faɗa, wanda zai zage ni ya zaga.

Ni ce na yi makarantar jinya. Ita ko firamare ba ta gama ba, ɗinki take yi a gidanmu na Dawaki. Amma da kaluluwa ta fito wa mutum a matsematsi ya fara ɗingishi, wurinta ake kai shi, a wuce ni da fararen kayana a tsakar gida. Ba ruwanta da kumburin. Ƙafa take kamawa, ta bi yatsu ɗaya bayan ɗaya har ta gano ƙaya ko tuntuɓen da ya yi mugunya. "Wannan mai gadi ne ya yi ihu," in ji ta, "ɓarawon yana ƙasa." Ta wanke ciwon da ruwan gishiri, kwana kaɗan kaluluwa ta sace.

Abin haushin, gaskiyarta ne. Na sha wuyar haddace yadda wani ruwa ke bin siraran hanyoyi a jiki, yana kwaso ƙwayoyin cuta daga ciwo zuwa ƙananan ƙullutun hammata da wuya da matsematsi, su tace shi, su kumbura saboda faɗan da suke yi. Ita tana taka keken ɗinki ta faɗe shi a numfashi ɗaya. Da tana nan ta ga yadda yanzu ake turo min hoton kumburi a waya, da cewa za ta yi, "Ina hoton ƙafar?"

Sau ɗaya tak ta nemi sanina. Ta ja ni ɗaki, ta ɗaga hannu: ƙullutu a hammata, mai tauri, ba ya zafi. "Asabe, na duba ko'ina ban ga ciwo ba. Ke da kika yi karatu, mene ne?"

Daɗi ya kashe ni. Yau ga Yaya a hannuna. Na ce kaluluwa ce kawai, na ba ta magani. Ban tura ta wurin likita ba, kada wani ya ƙwace min ita. Ko da aka gano ciwon dajin mama ne, ya riga ya yi nisa.

Ko sau ɗaya ba ta yi min gori ba. Wannan halin ma ina kishinsa.

Yanzu duk macen da ta nuna min ƙullutu marar zafi, a ranar nake rubuta mata takardar ganin likita. Wasu sun rayu, suna zuwa har gida su sa min albarka. Ina cewa amin, amma na san wadda ta biya musu. Allah ya jiƙanki, Yaya.