Hedimastan da Ya Kawo Ƙarar Kansa

Ranar da wasiƙar Malam Isyaku ta shigo ofishinmu ba ta taɓa fita daga raina ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi a aikin gandun daji, to shi zan ba ku. Talata ce, tsakiyar damina. Lokacin ina mataimakin sufeto a ofishin shiyya, wato ni ake aikawa in je in gani da idona, in dawo in rubuta rahoto. Hukunci ba nawa ba ne, na shugaban shiyya ne. Namu kuwa sabo ne, Malam Ɗanjuma, mutum mai zafin aiki da bai daɗe da dawowa daga kwas ba.

Ga waɗanda ba su san aikin ofis ba, duk takardar da ta shigo, akawu zai buga mata hatimi, ya ba ta lamba a rajista. Da ta sami lamba ta zama magana, ba mai iya cewa bai gan ta ba. Akawunmu, Allah ya jiƙansa, sai ya buga hatimi sannan yake karatu. Da ya karanta wannan sai ya riƙe baki.

Rubutun hannu ne, a tsaye, gwanin kyau, irin na malaman da. Mai wasiƙar ya ce shi tsohon hedimasta ne a Tudun Wada. Shekara huɗu da suka wuce ya sayi gauraki biyu a wata kasuwar ƙauye. Namijin ya mutu bayan Sallah, tun daga nan macen ta ƙi cin abinci, sai kuka. Yana roƙon ofishinmu, a matsayinmu na masana tsuntsayen daji, mu nuna masa inda zai sayo mata wani. Ya sa hannu, ya rubuta adireshi, har da hoton tsuntsuwar ya maƙala.

Malam Ɗanjuma ya kira ni, ya miƙo mini takardar. Ya ce, "Malam Sani, ka taɓa ganin mutum ya rubuta laifinsa da hannunsa, ya haɗa da hoto?"

Na ce, "Yallaɓai, da alama bai san laifi ba ne."

Ya ce, "Doka ba ta tambayar ko ka sani. Je ka gano mini."

Gaskiya ya faɗa. Gauraka na cikin jerin halittun da doka ta kare saboda suna ƙarewa. Kama shi, sayar da shi, sayensa ko ajiye shi a gida ba tare da izini ba, duk laifi ne. Kuma na san abin da ke ran maigidanmu Malam Ɗanjuma. Tun zuwansa yake neman wanda zai zama misali. Idan rahotona ya ce na je na kama, fayil zai tafi wurin lauyan ma'aikata, daga nan sai kotu. Dattijon da ya gama aiki da mutuncinsa zai tsaya a akwatin masu laifi.

Washegari bayan Azahar na hau babur na tafi. Malam Isyaku ya fito da kansa, dogo, siriri, da tabarau rataye a wuya. Murna yake kamar an kawo masa likita. Ya ce, "Ka ga aikin gwamnati yadda ya kamata! Jiya wasiƙa, yau amsa." Wallahi sai na ji kamar in juya.

Ya yi mini iso har tsakar gida. Bari in faɗa muku abin kunya: shekarata goma sha ɗaya a aikin, amma gauraka a fastar bangon ofis na san shi, sai sau ɗaya da na hango wasu can nesa a fadama. Ga ta nan tsaye gindin gwaiba, ta kai mini ƙugu, baƙa, da fari a fiffike, kumatunta fari da ja, ga wannan tukku mai ruwan zinari a ka kamar tsintsiyar laushi. Ta karkato kai ta dube ni da ido ɗaya. Tabɗi! Na ma manta abin da ya kawo ni.

Na shiga jero tambayoyi. Me take ci? Ya ce dawa, gyaɗa, amma ba abin da take so kamar fara. Yaya ya gane ita ce macen, alhali kamarsu ɗaya? Ya ce ta fi ƙanƙanta kaɗan, kuma marigayin ya fi ta kauri a murya. Haka ya ce, "marigayin", ko dariya bai yi ba. Ya ce da safe sukan yi rawa, wannan ya rusuna, wannan ta daka tsalle, su tsinci ɗan kara su wurga sama. Har ya ɗan kwatanta mini da kafaɗa. Na tambaye shi a ina suke kwana, ya nuna mini saman wani tsohon turmi da aka kife, ya ce ba sa son kwanciya a ƙasa. Duk wannan ba a koya mini a makarantar gandun daji ba. Mun kusan awa muna wannan hira, ni ne ɗalibi.

Daga ƙarshe dai ba makawa. Na ce, "Baba, akwai magana. Wannan tsuntsuwa doka ta hana a saye ta, ta hana a ajiye ta."

Bai yi gardama ba. Cewa ya yi, "Kana da dokar a nan?" Ina da kwafi a jaka. Ya sa tabarau, ya bi layi-layi da yatsa, ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Sannan ya ɗago.

"A ina kuka liƙa wannan?"

Na ce, "A ofis."

"A ofis. To, ni kuma a kasuwa na saya, da rana tsaka, kusa da masu kaji. Ba wanda ya ɓoye, ba wanda ya ruga." Ya ƙara da cewa, "Shekara talatin da biyar ina gaban allo. Da an kawo mini wannan, da na karanta wa yara."

Tausayinsa ya kama ni, sai shaiɗan ya ba ni shawara. Na rage murya na ce, "Baba, tsuntsuwar da ba ta cin abinci, ai ba abin mamaki ba ne in na rubuta cewa na tarar ta mutu. Kai kuma sai ka kai ta gonar wani..."

Ya dube ni ta saman tabarau. "A ina ka yi firamare?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Shi ya sa. Da a wurina ka yi, da ba ka ƙarasa wannan maganar ba."

Kai, na ji kunya har cikin ƙashina. Kuma bai tsaya nan ba. Ya ce in rubuta cewa duk shekara shi yake rage musu gashin fiffike da almakashi don kada su tashi, haka mai sayarwar ya koya masa. Na ce, "Haba Baba, ban tambaye ka wannan ba!" Ya ce, "Amma na yi." Raina ya ɓaci sosai. Ina neman hanyar fitar da mutum, shi kuma yana ƙara wa kansa kaya.

Saura ƙofa ɗaya. A tsarin aikinmu akwai bambanci tsakanin abin da jami'i ya kama da abin da mai shi ya kawo da ƙafarsa. Na biyun, shugaban shiyya yana da damar tsayar da maganar a teburinsa, in ya ga dama. Na bayyana masa. Ya ce, "Wannan a ƙa'ida yake, ko shi ma dabararka ce?" Na rantse masa a ƙa'ida yake.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas sai ga keke-napep a ƙofar ofis. Malam Isyaku ne, ya sha babbar riga, rungume da tsuntsuwar a naɗe cikin zani, ya sa mata safa a ka don kada ta firgita, dogayen ƙafafu sun leƙo waje. Kaf ma'aikata suka fito kallo.

Malam Ɗanjuma ya karanta rahotona, har da maganar almakashi, don na rubuta. Ya ce, "Malam, ka san wannan laifi ne?"

Malam Isyaku ya ce, "Jiya na sani, ranka ya daɗe."

Maigidan ya juyo gare ni, ya ce me na gani. Ban saba yi wa na gaba da ni dogon baki ba, amma ranar na yi. Na ce, "Yallaɓai, ka bi ta unguwar Hanwa da sassafe, za ka ji kukan gauraki a bayan manyan katangu. Ba wanda ya taɓa rubuto mana. Mutum ɗaya ya rubuto. In shi muka kai kotu, to mun gama karɓar wasiƙa."

Ya daɗe yana juya biro. Sannan ya ce ba kotu. Za a kai tsuntsuwar gidan namun daji inda akwai irinta, amma dole a ba Malam takardar gargaɗi, da sunansa, cewa an same shi da abin da doka ta hana. Da aka buga aka miƙa masa, da hannu biyu ya karɓa. Ya ce tunda ya fara aiki har ya gama ba a taɓa ba shi takarda irin wannan ba. Na raka shi bakin titi, na ce ya kwantar da hankalinsa, fayil ne kawai, ba wanda zai ji. Na koma ciki ina jin kaina, na ceci mutuncin dattijo.

Bayan mako ɗaya Malam Isyaku ya aiko in zo masallacin unguwarsu da La'asar, in taho da jerin nan na halittun da doka ta kare. Da aka sallame ya miƙe, ya roƙi jama'a su ɗan dakata. Ya zaro takardar gargaɗin, ya karanta ta daga farko har ƙarshe, da sunansa da komai, ya fassara da Hausa. Sannan ya ce in tashi in karanta musu jerin.

Nan wuri ya kaure. Wannan ya ce to aku fa? Wancan ya ce babban kunkurun da ke gidansu tun zamanin kakansa fa? Wasu tambayoyin na amsa, wasu na ce sai na duba, don ban sani ba. Wani dattijo, abokin Malam, ya ce, "Isyaku, ai da ka yi shiru, da ba wanda ya sani."

Malam Isyaku ya ninke takardar, ya sa a aljihu. Ya ce, "Ni na sani."

To, 'yan'uwa, ku da kuke farawa yanzu, rashin sani ba ya wanke kowa a gaban doka, kuma ba zan ce muku ku sassauta ba. Amma kafin ku tambayi mutum don me bai sani ba, ku tambayi kanku yaushe kuka je kuka faɗa masa. Kuma kada ku yi kuskuren da na yi. Kwana biyu cur ina faɗi-tashi, har na nemi yin ƙarya a takardar gwamnati, wai zan kare mutuncin mutumin nan. Ashe mutuncin nasa bai taɓa zama a hannuna ba. Nawa ne ya kusan zubewa, shi ya tare.